Neman Aure a Cikin Littafin Jiki Magayi

Cikin littattafan hikaya biyar da Hukumar Talifi ta Zariya ta buga bayan gasar shekarar 1933, huɗu sun tafi ga yawon duniya, da yaƙi, da bauta, da ɓarayi. Ɗaya ne ya kafa labarinsa bisa neman aure, watau Jiki Magayi, wanda Malam John Tafida da Dokta R. M. East suka rubuta tare.

Ga yadda abin yake. Abubakar saurayi ne, yana son Zainabu, ita ma tana son sa. Sai Malam Shaihu, attajiri wanda Allah bai ba shi haihuwa ba, ya shiga neman ta. Dukiya ta yi aikinta, aka ɗaura masa aure da yarinya. Abubakar ya bar gari da baƙin ciki, ya tafi neman asirin da zai rama. Asirin kuwa bai faɗa kan kowa ba sai Kyauta, ɗan da Zainabu ta haifa. Yaro ya tashi ɓarawo, har ya kashe ubansa bai sani ba.

To, 'yan makaranta, ku lura da hikimar mawallafan nan. Ba su wanke ko ɗaya daga cikin maneman biyu ba. Malam Shaihu ya ɗauka zuciya haja ce, ana sayenta a kasuwa. Abubakar kuma, da ya rasa, sai sonsa ya rikiɗe ya zama ƙiyayya, ya manta ramin mugunta gajere akan gina shi. Kowannensu kansa yake so, yarinya dai dalili ce kurum.

Amma fa littafin yana da rauni guda. An yi gaggawar bin Abubakar cikin daji, an bar Zainabu a baya. Ita ce aka yi rigimar dominta, ita ce ta ga lalacewar ɗanta, duk da haka kaɗan aka buɗe mana daga abin da ke ranta. Da an tsaya a kanta, da labarin ya fi haka kama jiki.

Saboda haka in kun karanta, kada daɗin labarin asiri ya ɗauke muku hankali. Ku tambayi kanku, wa ya nemi yardar yarinyar nan da gaskiya? Wanda ya sami amsa ya fahimci littafin. Allah ya sa mu gane, amin.