Mai Rarrafe a Falo

Ranar da na tarar da wani mai haɗa kayan sauti yana rarrafe a falon abokina, na ɗauka makullinsa ne ya faɗi. Ashe aiki yake yi. Ya ɗora wufa, babbar sifikar nan mai gurnani, a kan kujerar maigida, ya saki kiɗa mai ganga, sannan ya bi gindin bango da gwiwa yana kasa kunne. Inda ya ji gangar ta fito tas, ba kugi ba dusashewa, nan ya sa alama. Nan wufa za ta zauna, domin abin da kunne ya ji a wurin shi zai isa kujera idan an yi musanya.

Abokin nawa ya daɗe da sifika biyu, dama da hagu, wato sitiriyo, tsarin da injiniyan Ingila Alan Blumlein ya yi wa rajista a 1931. Sai ya sayo 5.1, irin sautin da ya yaɗu a silima da Dolby Digital a 1992 da DTS a 1993. Sifika biyar da wufa ɗaya. Kamar yadda da yawanmu ke yi, ya jera su reras a gaban talabijin, abin sai ka ce kayan ɗakin amarya. Kuɗi sun tafi, sauti yana nan jiya i yau.

Tambayar farko da mutumin ya yi ita ce ta burge ni: "Alhaji, ina kake zama in za ka yi kallo?" Daga wannan kujera ya auna komai. Ta tsakiya, mai ɗauke da yawancin maganar 'yan wasa, ya ajiye ta dab da allon, saitin fuska. Dama da hagu kowacce ta karkata digiri 30. Biyun baya kuwa wajen digiri 110, gefe-gefe da ɗan komawa baya, sama da kunne kaɗan.

Sai ya zaro tef ɗin awo. Sauti yana cin kimanin mita 343 a daƙiƙa, saboda haka sifikar da ta fi kusa da mita guda takan riga sauran isa kunne da kusan kashi 3 cikin 1,000 na daƙiƙa. 'Yar wannan tazarar ta isa kunne ya karkata gare ta. Ya shigar da nisan kowacce cikin amfilifaya don ta jinkirta na kusa, duk su iso tare. Ya sallama wa wufa duk abin da ya yi ƙasa da hez 80, ƙananan suka huta da ɗaukar kayan da ya fi ƙarfinsu. Ya bi wayoyi ɗaya bayan ɗaya, ja ga ja, baƙi ga baƙi. Guda ta juye, kauri ya zube. Da ya tafa hannu ya ji tayil na mayar da amo, ya ce a shimfiɗa kafet, a saki labule.

Abokina ya yi ƙorafin na baya ba sa tashi sosai. "Ai in kana jin su kullum, Alhaji, sun yi yawa," in ji mutumin.

Ya sa wani fim, aka zo inda ruwa ke sauka a kan rufi. Da yake damina ce, maigida ya ƙwala wa yara kira su kwashe shanya.