Jinjina ga masu tankaɗen yashi

A ɗakin gwajin gudun ruwa, aikin da ya fi cin rai shi ne shimfiɗa ƙasan kwatami. Ma'aikata sukan tankaɗe yashi da rariya har ƙwayoyin su zo girma ɗaya, su manna su da gam, su jira su bushe. Idan ƙwayoyi suka ɓanɓare, kaushi ya sauya, lissafi ya lalace.

A Gotingen ta Jamus, Johann Nikuradse ya manna tankaɗaɗɗen yashi cikin bututu, ya wallafa sakamakonsa a 1933. Har yau, ko kaushin kogi za a auna, da girman yashin Nikuradse ake kwatantawa.

Inda na fi sara wa ma'aikatan shi ne awon zurfi. Daga ina za a fara, saman tsakuwa ko gindinta? A ruwa mai zurfin santimita 5, kuskuren milimita 1 kashi 2 cikin 100 ne. Sannu da ƙoƙari, masu haƙuri! Haka suke yini suna karkata kwatami, suna sauke allurar awo, har zurfin ya daidaita daga farko zuwa ƙarshe.