Duhu Kafin Rawa: Sauraron Badujalar Hiroshi Oguri

Idan aka ce badujala, abin da ke zuwa mana a rai shi ne fareti. A Japan kuwa, masu busa da ganguna sun daɗe da shiga manyan zauruka, suna ba da labari ba tare da furta kalma ba. Cikin waɗanda suka share wannan hanya akwai Hiroshi Oguri, haifaffen birnin Osaka a 1918, wanda ya rasu a 1982. Ayyukansa biyu muka saurara: "Shinwa", wato tatsuniyar asali, da kuma kiɗan da ya gina a kan amon gargajiyar Osaka.

Oguri ya rubuta "Shinwa" a 1973, domin cikar ƙungiyar badujalar birnin Osaka shekara 50 da kafuwa. Labarin yana cikin Kojiki, littafin da aka kammala a shekarar 712. Amaterasu, wadda masu addinin Shinto ke dangantawa da rana, ta fusata da ɓarnar ƙanenta Susanoo, ta shige kogon dutse ta rufe. Duniya ta yi duhu. Sauran ababen bautarsu suka taru, suka sa zakaru cara, wata mai suna Ame-no-Uzume ta hau kan kifaffen mazubi tana rawa har taron ya fashe da dariya. Amaterasu ta leƙo don ta ga abin da ake wa dariya, aka jawo ta waje, haske ya dawo.

Abin da ya fi burge mu shi ne haƙurin Oguri. Bai yi gaggawar kai mu filin rawa ba. Ya buɗe da amo mai nauyi, mai tafiya a hankali, har mai sauraro ya fara ƙosawa. Ƙosawar nan da gangan ce, domin ita ce halin waɗanda suka rasa rana. Sai ƙahonni su tsaga shirun da kaifin murya irin ta zakara. Rawar kuma da ta zo, bugu goma-goma aka ɗora ta a kai, ba huɗun da ƙafar ɗan fareti ta saba da su ba. Shi ya sa take tangaɗi kamar ta wadda ta fita hayyacinta. Can sai komai ya lafa, siririyar busa ta rage, kamar ido ɗaya a bakin kogo.

Inda muke da ja shi ne ƙarshen. Fitowar rana ta zo da ƙarfin dukkan kayan busa a lokaci guda, kuma ta yi kyau, amma irin wannan rufewa mun sha jin ta a wurin wasu. Wanda ya ƙirƙiro mana duhun da ba mu taɓa ji ba, haskensa bai kai duhun zama sabo ba.

Aiki na biyu ya girmi wannan. An fara jin sa a 1956 da cikakkiyar ƙungiya mai goge, har Takashi Asahina ya jagorance shi a Berlin a shekarar, sannan Oguri ya mai da shi na badujala a 1974. A ciki akwai amon ganga da ƙararrawar ƙarfe na bikin Tenjin, wanda ake yi ranakun 24 da 25 ga Yuli a wurin bauta na Osaka Tenmangu, da kuma sarewar rawar zaki ta wurin bautar Ikukunitama. A ganinmu wannan ya fi "Shinwa" daidaito. Oguri bai wanke kiɗan titi ya sa masa babbar riga ba. Ya bar ƙarfen yana ƙara a kunne, da hayaniyarsa da zafinsa. A nan amo mai ƙarfi yana da dalili, domin biki ne.

Sai dai akwai matsalar da ba laifin mawallafin ba ce. Gasar badujala ta ƙasar Japan, wadda aka fara a 1940, tana ba kowace ƙungiya minti 12 ne kacal, kuma a ciki za ta yi kiɗan da aka wajabta da wanda ta zaɓa. Kowanne daga ayyukan nan biyu ya fi ƙarfin lokacin da ya rage, don haka dole a datse. Gasar ce ta sa ɗaliban sakandare suka riƙe sunan Oguri, wannan ba a musu. Amma almakashi ya fi faɗawa kan wuraren da ke tafiya a hankali. In an rage duhu, rawar Uzume ta zama nuna gwaninta kawai, ba dabarar ceto duniya ba.

Don haka shawararmu ga mai nema a wayarsa: ya duba tsawon abin da zai kunna. In ya ga "Shinwa" na minti bakwai ko takwas, datsattse ne. Ya nemi cikakken, mai kusan rubu'in awa, ya sa abin ji a kunne, ya daure wa mintocin farko. Sai an sha duhu ake sanin darajar carar zakara.