Gangar suna a nahawun Ingilishi: ina sunan yake?

Littattafan koyar da Ingilishi a makarantun sakandare sun saba raba ganga dogarau gida uku: ta suna, ta sifa da ta bayanau. A wannan ɗan rubutu za mu duba ta farkon kawai, wadda Quirk da abokan aikinsa suka tsaya a kanta a babban nahawunsu na 1985. Hujjarsu ita ce gangar tana zama inda yankin suna yake zama, wato gurbin aikau ko na karɓau. A ganinmu hujjar ba ta kai ba.

Mu dubi waɗannan misalai (tauraro na nuna jumlar da ba ta karɓuwa):

(1) I hope that she comes. / *I hope her arrival.
(2) I am glad that you came. / *I am glad your visit.
(3) I insist on his departure. / *I insist on that he leaves.

A (1) da (2) ganga ta shiga inda suna ba ya shiga. A (3) suna ya shiga, ganga ta kasa. Ɗalibin da aka ce masa "duk inda suna ya zauna ita ma tana zama", shi ne zai rubuta jumla ta biyu a (3), malami kuma ya soke ta da jan biro, alhali ƙa'idar da aka ba shi ya bi. Faransanci ma ba ya yarda *que* ya bi *à* kai tsaye, sai an sa *ce* a tsakani: *je tiens à ce qu'il parte*. Nahawun Faransanci bai ɗora wa kansa wannan kaya ba. *Complétive* kawai ya ce, ma'ana mai cike gurbi.

Babban aibin rabon shi ne yana zuba abu biyu a ƙwarya ɗaya. Ana kiran *that they came* gangar suna, ana kuma kiran *what they brought* a cikin *I ate what they brought* da wannan laƙabi. To, ba a cin zance. Abin da aka ci abu ne. Hausa ta raba su tun a baki:

(4) Na ji cewa sun zo.
(5) Na ci abin da suka kawo.

A (4), bayan *cewa*, shuɗaɗɗen lokaci na farko ne, *sun*. A (5) kuwa ga suna ƙarara, *abu*, sai *da*, sai *suka* (ko *sunka* a bakin mutanen Tawa), siffar da ke zuwa cikin gangar da ke fayyace suna. Ashe (5) yankin suna ne cikakke, (4) kuma ba ta da suna ko ɗaya a kanta. Bahaushe ɗan aji uku ba ya rikita su a harshensa, sai littafin Ingilishi ya rikita masa.

Huddleston da Pullum, a nahawun Kambrij na 2002, sun yi watsi da rabon ukun, suka ɗauko laƙabin Jespersen, wato gangar ƙunshiya, ga irin (4), suka mai da irin (5) cikin yankin suna. Mun yarda da su a nan, ko da yake littafin ya haura shafi 1800, ba na jakar malamin kwaleji ba ne. Abin da za a iya yi a aji bai kai haka tsada ba: a sa yara su fassara jumlar zuwa Hausa, su ga ko *cewa* ce ta fito ko *abin da*. Inda gwajin yake tuntuɓe shi ne jumla irin *I know what they brought*, domin nan ma *abin da* muke cewa, alhali a Ingilishi tambaya ce a ɓoye.