Idan Fasinja Ya Faɗi a Jirgin Ƙarƙashin Ƙasa

A jirgin ƙarƙashin ƙasa na Landan, wanda yake aiki tun 1863, idan fasinja ya yanke jiki ya faɗi aka ja ƙararrawar gaggawa alhali ana tsakiyar rami, direba ba ya tsayawa. Yakan sanar da masu kula da zirga-zirga ta rediyo, ya ci gaba har tasha ta gaba. Mai kallo zai ce rashin imani ne, amma daga nan gwanintar ta soma. Ramin ƙunci ne da duhu, layin dogo ɗauke yake da wutar lantarki mai kisa, ma'aikatan motar asibiti ba su da ta inda za su iso. Tasha kuwa sau da yawa ba ta wuce tafiyar minti biyu zuwa uku ba, ga haske, ga iska, ga hanyar fita.

Ma'aikacin da ya tarbi jirgin shi ne ya fi burge ni. Yakan durƙusa, ya girgiza kafaɗar mutumin yana yi masa magana, sannan ya duba numfashi na daƙiƙa 10, ba ƙari. In yana numfashi amma ba ya cikin hayyacinsa, sai ya kwantar da shi a gefe ɗaya don kada harshe ko amai su toshe maƙogwaro. In babu numfashi, zuciya ce ta tsaya, ƙwaƙwalwa kuma takan fara lalacewa cikin 'yan mintuna. Sai ya ɗora tafin hannu a tsakiyar ƙirji, ya riƙa dannawa sau 100 zuwa 120 a minti, zurfin santimita 5 zuwa 6, har a kawo na'urar farfaɗo da zuciya, wadda da kanta take faɗin abin da za a yi. Ba ya cewa “wani ya taimaka”, don kowa zai zaci da maƙwabcinsa ake. Mutum ɗaya yake nunawa ya ba shi aiki.

Mai farfaɗiya kuwa, ba ya danne shi, ba ya cusa masa cokali a baki kamar yadda aka saba a garuruwanmu, abin da ke karya haƙori a banza. Riga yake naɗewa ya sa masa a ƙarƙashin kai, ya matsar da jama'a, ya duba agogo, domin jijjigar da ta haura minti 5 ta zama ta asibiti. Wannan matsar da jama'a ma kare mutunci ne, don mutum ba ya so ya farfaɗo ya ga idanu da wayoyi a kansa.

Hukunci mafi nauyi shi ne ko a sauke marar lafiya. Muddin jirgin nan yana tsaye, na bayansa suna maƙale a rami cike da mutane, kuma a layuka masu zurfi irin Central zafin bazara kan sa wasu su suma. Saboda haka wanda jiri ya kwasa, ko wanda zai iya takawa, akan riƙo shi zuwa dandamalin tasha, a zaunar da shi, jirgi ya wuce. Wanda ake zargin ya ji rauni a wuya ko ƙashin baya kuwa, ba a gaggawar ɗaga shi, ko da dubban ma'aikata za su makara a ofis.