Tagwaye bakwaini da ƙirjin uwa ɗaya: sharhi kan shawarwarin WHO na 2022

Idan aka ce maka wata ta haifi tagwaye wata bakwai, tambayar farko da ke zuwa bakinka ita ce, "An samu kwalba kuwa?" Haka kusan kowa yake tambaya. A tunaninmu, bakwaini da kwalba kamar ɗan jirgi ne da jirginsa, in babu ita sai addu'a. A watan Nuwamba na 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya, WHO, ta fitar da kundin shawarwari 25 kan kula da bakwaini da jarirai marasa nauyi, kuma babbar shawarar da ke ciki ta saɓa wa wannan tunani. Ta ce a ɗora jaririn a ƙirjin uwarsa, fata da fata, da zarar an haife shi, ba sai an jira ya warware a kwalba ba, a kuma riƙe shi haka awa 8 zuwa 24 a kowace rana. Waɗanda aka ware su ne masu tsananin ciwo, kamar wanda ya kasa numfashi da kansa.

Ra'ayinmu shi ne shawarar tana da hujja mai ƙarfi. Amma idan ka auna ta da halin uwar tagwaye a asibitocinmu da gidajenmu, za ka ga wuraren da take ɗingishi, kuma gara ka san su tun kafin abin ya zo kanka ko kan wani naka.

Me ya sa ƙirji, ba kwalba ba?

Bakwaini a ilimin likita shi ne duk jaririn da aka haifa kafin ciki ya cika mako 37, ko da wata takwas ne. Alƙaluman WHO sun nuna an haifi irin waɗannan jarirai kimanin miliyan 13.4 a 2020, wato ɗaya cikin kowane goma, kuma Najeriya na cikin ƙasashe biyar da suka fi yawansu. Tagwaye suna yawan faɗawa wannan rukuni, domin mahaifa takan cika da wuri, naƙuda ta taso kafin lokaci.

Matsalolin bakwaini sanannu ne. Fatarsa siririya ce, ba shi da kitsen da zai riƙe masa ɗumi, don haka sanyi yake fara kama shi ko da kai kana gumi a ɗakin. Zafin jikinsa ya kamata ya tsaya tsakanin digiri 36.5 da 37.5. Huhunsa bai gama samar da sinadarin da ke hana jakunkunan iska manne wa juna ba. Yakan manta numfashi na ɗan lokaci. Haɗa tsotso da haɗiya da numfashi kuwa sai wajen mako 32 zuwa 34 yake zaunawa. Ga kuma saurin kamuwa da ƙwayoyin cuta.

Kwalba tana maganin sanyi, amma ba ta ba da nono, kuma in an ɗauke wuta ta zama akwati. A 1978, a wani asibitin haihuwa da ke Bogota ta ƙasar Kolombiya, likita Edgar Rey ya rasa isassun kwalabe, har ana haɗa jarirai a guda ɗaya, sai ya fara sa iyaye mata su ɗaure 'ya'yansu a ƙirji. Daga nan aka samu sunan hanyar kangaru, saboda dabbar nan ta Ostareliya mai renon ɗanta a jakar ciki. Jikin uwa yana ɗumama jariri, motsin numfashinta yana tuna masa nasa, nono yana kusa, kuma hannayen da ke taɓa shi sun ragu.

Binciken da aka dogara da shi

Shekaru da dama ƙa'idar ita ce sai jariri ya daidaita tukuna a fara kangaru. Matsalar ita ce yawancin waɗanda za su mutu suna mutuwa ne a kwanakin farko, kafin su kai ga daidaitawar. Shi ya sa aka yi wani babban gwaji a asibitoci biyar a Ghana, Indiya, Malawi, Najeriya da Tanzaniya. Na Najeriya shi ne asibitin koyarwa na Jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ile-Ife. An wallafa sakamakon a 2021. Jarirai 3,211 ne, masu nauyin kilo 1 zuwa ƙasa da 1.8. Rabi an fara musu kangaru nan take, rabi an bi tsohuwar hanya. A kwana 28, kashi 12 cikin ɗari na rukunin farko suka rasu, na biyun kuwa kashi 15.7. Bambancin ya fito fili har aka tsayar da gwajin kafin wa'adinsa.

To amma ka lura da abubuwa uku. Na farko, za ka ji ana cewa an rage mutuwa da kashi 25 cikin ɗari. Gaskiya ne, sai dai ma'anarsa ita ce cikin kowane jarirai 27 da aka yi wa kangaru nan take, an tsirar da ƙarin ɗaya. Wannan babbar nasara ce, amma ba ta nufin duk wanda aka ɗaura a ƙirji zai rayu, kuma uwar da ta rasa nata kada ta ɗora wa kanta laifi. Na biyu, jariran da ba su kai kilo ɗaya ba ba sa cikin gwajin. Na uku, wanda ya fi muhimmanci, asibitocin nan sai da suka sake fasalin ɗakunansu. An saka wa uwa gado a cikin sashen kula da jarirai, jaririn yana ƙirjinta alhali yana samun iskar oksijin da ƙarin ruwa da na'urar lura da numfashi. Da haka aka kai kusan awa 17 a rana. Duk wanda ya fassara maka binciken da cewa "ai ba sai an je asibiti ba, goyo ya isa", ya juya shi baibai.

Lissafin uwar tagwaye

Shawarar awa 8 zuwa 24 ta kowane jariri ce. Yanzu ki ɗauka ke ce mai jegon, wataƙila ma tiyata aka yi miki, ga Hassana ga Hussaina. Ana iya ɗaure su biyun a ƙirji ɗaya, kowa a gefe, amma da ɗinki a mara ba abu ne da za ki jure dare da rana ba. Sau da yawa kuma ba sa zuwa daidai: ɗaya ya fi nauyi yana tsotso, ɗaya yana kan na'ura ana ba shi nono ta siririn bututu a hanci. Ciyarwa duk awa biyu zuwa uku ce, sau biyu, ga tatsar nono a tsakani. Yaushe za ki runtsa?

Masu gwajin sun san da wannan, shi ya sa suka tanadi 'yar uwa mace da za ta karɓi uwar idan ta gaza. Kundin WHO ma ya ce uba da sauran dangi suna iya yi. A nan ne muke ganin an faɗi abin a saukake. Ga uwar tagwaye, mutum na biyu sharaɗi ne, ba taimako na ganin dama ba. Amma je ka dubi hotunan wayar da kai da ake liƙawa a bangon asibiti: uwa ɗaya, jariri ɗaya, tana murmushi. Dubi kuma tsarin ɗakunan: jarirai a ciki, iyaye mata a baranda kan tabarma suna jiran a kira su, mazaje a bakin ƙofa da takardar sayen magani. Kai maigida, ƙirjinka yana da ɗumi kamar nata. Kunyar da ke hana ka cire riga ka rungumi ɗanka awa uku, ita ce ke sa matarka ta kwana a zaune. Ma'aikacin gwamnatin tarayya yana da hutun kwana 14 idan an yi masa haihuwa, tun 2021, amma bakwaini kan yi makonni a asibiti, ɗan kasuwa da ɗan acaɓa kuwa ba su da hutun ko kwana ɗaya.

Ranar sallama ba ƙarshen aiki ba ce

Kundin ya ba da shawarar ma'aikatan lafiya su riƙa bin iyali har gida. Daidai ne, domin a gida ake yawan samun koma baya, kuma a nan al'adunmu suke shigowa. Wasu suna taimakawa: zuwa wankan gida yana ba mai jego uwa da ƙanne da za su karɓa mata, kuma macen da ta iya goyo ba za ta sha wuyar koyon ɗaure zani ta gaba ba. Wasu kuwa sai an yi musu gyara.

Wankan safe da yamma yana zuƙe ɗumin bakwaini, a goge shi da tsumma mai ɗumi ya wadatar har ya yi ƙwari. Kaskon gawayi a rufaffen ɗaki yana fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari. Dakashi, wato nonon farko mai kauri, kada a zubar, shi ne rigakafinsa na farko. Ruwa da jiƙo da zuma ba nasa ba ne, zuma ma haɗari ce ga duk yaron da bai shekara ba. Ranar suna, kowa yana son ya ɗauki tagwaye ya sa albarka, amma mura da babba zai yi kwana uku ya warke, tana iya mayar da bakwaini kan oksijin. A yi suna, a yi addu'a, a bar jariran a ɗaka, mai shiga ya wanke hannu da sabulu. Idan an sauke su daga ƙirji, a kwantar da su rigingine.

Alamomin da ba a kwana da su: ƙin tsotso, jiki ya yi sanyi ko zafi, numfashi da sauri ko ɗaukewa, jijjiga, kasala, ko shawara ta sauko har tafin hannu da ƙafa. Ki tambayi likita ranar duba idanu kafin ku fita, domin bakwaini, musamman wanda ya sha oksijin, yana iya samun ciwon da ke makantarwa ba tare da wata alama a waje ba. Rigakafi ana bin ranar haihuwa ne. Girma kuwa, zama da rarrafe da tafiya, ana cire makonnin da suka rage wa cikin: ɗan wata shida da aka haifa saura wata biyu, a auna shi da ɗan wata huɗu. Kuma kada a riƙa gwada Hassan da Hussaini, kowa da tafiyarsa.

Hukuncinmu

Shawarar WHO ta dace a bi ta, kuma abin alfahari ne cewa wani ɓangare na hujjarta daga Najeriya da Ghana ya fito. Rauninta shi ne ta dogara da abubuwan da ba ita ke samar da su ba: gadon uwa a gefen jariri, abincin mai jego, isassun ma'aikatan jinya, da mutum na biyu mai ƙirji. Idan asibiti ya ɗauki kalmar kangaru ya bar waɗannan, ya sauke nauyinsa ne kawai ya ɗora wa matar da ta haihu jiya.

Don haka idan awo ya nuna tagwaye ne, ku shirya haihuwa a asibitin da ke da sashen jarirai, ku zaɓi wanda zai zama mutum na biyu tun ciki yana wata shida. Bayan tambayar kwalba, ku ƙara da wannan: "Za a bar uwa ta kwana kusa da 'ya'yanta, a kuma bar wani ya karɓe ta?"