Jahiz da Maganar Fatalwa

A wannan karo wani babi za mu duba cikin Kitabul Hayawan, watau Littafin Dabbobi, na Abu Usman Amru ɗan Bahru, wanda aka fi sani da Jahiz. Mutumin Basra ne, ya rasu shekara ta 255 ta hijira. Littafin juzu'i bakwai ne, Abdussalam Harun ya tace shi, aka buga a Alƙahira tsakanin 1938 da 1945. Babin da mu ke nufi yana cikin juzu'i na shida, inda ya yi maganar aljannu da ghul.

Abin da ya sa muka zaɓe shi, maganar fatalwa ba ta ƙarewa a zango. In mutum ya mutu a haɗarin lori, kafin sadakar arba'in sai ka ji an ce an gan shi bakin famfo da tsakar dare, ko an gamu da shi yana ciniki a kasuwar wani gari. Maƙwabtanmu Tonawa suna da sunan abin, saman su ke cewa, kuma a wurinsu wanda ya yi mutuwar haɗari ba ya saurin samun masauki. Zaman tare ya sa labarinsu ya gauraya da namu. Manya su tsorata, 'yan boko su yi dariya, ba mai tsayawa ya auna.

To, Larabawan jahiliyya ma haka su ke. Suna da ghul, wata halitta mai rikiɗa da ke tare matafiyi a hamada ta ɓad da shi, har mawaƙinsu Ta'abbaɗa Sharran ya yi alfahari da cewa ya gamu da ita ya kashe ta. Suna kuma da hama, tsuntsu kamar mujiya, wai yana fita daga kan wanda aka kashe, ya yi ta kuka a kabarinsa sai an ɗauki fansa. Wannan ita ce fatalwarsu.

Gwanintar Jahiz ita ce bai tsaya ga abin da aka gani ba, ya juya ga mai ganin. Ya kawo bayanin malaminsa Nazzam daki daki. A hamada akwai lokutan da ƙaramin abu kan yi girma a ido, ƙaramin sauti ya yi ƙarfi a kunne. Mutum kuwa in ya daɗe shi kaɗai, ba abokin hira, ba aikin yi, sai waswasi ya cika masa zuciya, ya ga abin da babu. Da ya komo gida sai ya sa abin a waƙa. Yara su taso da waƙar a baki. Ran da ɗayansu ya girma, dare ya riske shi a daji, mujiya ta yi kuka, dutse ya amsa, shi ke nan ya ga ghul. In ya dace maƙaryaci ne sai ya ƙara gishiri: na gan ta, na yi magana da ita, na kashe ta, har ya kai ga na aure ta. Masu ruwaya kuma sun fi son labarin da ya fi ban mamaki.

Jama'a, ku cire hamada ku sa lungun bayan maƙabarta, ku cire waƙa ku sa hirar dandali da fim, ku ga in ba mu a ke nufi ba. Lalle wannan bayani ya cancanci yabo, don ya nuna yadda labari ke riga ido gani. Kuma duk da haka Jahiz bai musanta samuwar aljannu ba.

Amma littafin yana da aibi, ba za mu rufe ba. Na farko, Jahiz ba ya bin hanya ɗaya. Yana cikin maganar dabba sai ya faɗa waƙa, daga waƙa ya faɗa barkwanci, ɗalibi ya rasa inda wasa ya ƙare gaskiya ta fara. Ga shi kuma Mu'utazili ne, don haka kada a ɗauki aƙida a wurinsa, a ɗauki basira.

Na biyu ya fi nauyi. Bayaninsa ya dace da matafiyi cikin daji, amma bai game matar da ke takaba cikin gida cike da mutane ba, wadda ta ji tarin mijinta a zaure. Ita ba kaɗaicin hamada ya dame ta ba, ba kuma ƙarya ta ke yi ba. Wani likita a ƙasar Wales, Dewi Rees, ya tambayi mutum 293 da suka rasa miji ko mata, ya buga sakamakon a 1971. Kusan rabinsu sun ce sun ji kamar mamacin yana kusa, waɗansu har sun gan shi ko sun ji muryarsa, kuma mafi yawansu abin sanyaya musu rai ya yi. Ashe zuciyar da ta saba da mutum shekara talatin ba ta sakinsa ran jana'iza. Nan wurin tausayi ne, Jahiz kuwa ba'a ta fi yawa a alƙalaminsa.

Na uku, akwai dalilai na jiki da babin bai kawo ba. Ga dannau, wanda Larabawa ke ce wa jasum ko kabus. Sa'ad da mutum ke mafarki jiki kan sake gaɓoɓi don kada ya tashi ya aikata abin da ya ke gani. Wani lokaci hankali ya farka gaɓoɓi ba su farka ba, sai ya ji an danne masa ƙirji, ya ga inuwa a bakin ƙofa. Ga kuma iskar nan mai guba da ke fita daga gawayi da janareta, ba launi ba wari. A 1921 wani likitan ido a Amurka, Wilmer, ya buga labarin wani gida da mutanensa ke jin takun sawu suna ganin baƙin mutane da dare. Da aka bincika, murhun ɗumama gidan ne ya lalace. Aka gyara, fatalwa ta ɓace. Mai shigar da kurfoti ɗaki lokacin hunturu ya rufe taga, ya ji wannan, don iskar tana kisa.

Mene ne hukunci? Suratul Muminun, aya ta 99 da ta 100, ta nuna mamaci kan roƙi a komo da shi duniya, a ƙi, kuma akwai barzahu a tsakani har ranar tashi. Hadisin Buhari da Muslim ya soke hama. Na Muslim ya soke ghul, ko da ya ke Imam Nawawi ya kawo saɓanin malamai, ko samuwarta aka soke ko ikonta na rikiɗa ta ɓad da mutane. Aljannu kuwa akwai su, sura guda ce da sunansu. Ganin mamaci a mafarki ma sananne ne. Amma ya fito kabari ya zaga unguwa, wannan ba shi da tushe.

Saboda haka, ƙannenmu samari, ku yi dariyar fatalwa in kun so, amma kada dariyar ta kai ku ga musun aljannu, ko ga yi wa mai takaba ba'a. Iyayenmu dattawa kuma, da girmamawa mu ke roƙo, a tuna duk wanda ya ce ya ga fatalwar Musulmi ya ɗora masa zargin mugun ƙarshe, 'ya'yansa suna ji. Kafin a kai kuɗin marayu ga boka, a tambaya: wa ya gani, da wane lokaci, daga barci ya tashi, akwai wuta a ɗakin, wane labari ya ji kafin ya kwanta? Wannan irin tambaya ita ce ribar karanta Jahiz.

Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya kyautata namu ƙarshe, amin.